BABI NA HUƊU: JARIN NOMAN RANI TSAKANIN BANKI DA HARAJI DA TALLAFI A JEGA DA ALIERO DA MAIYAMA

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo ma'anar bankin Musulunci da haraji da tallafi, kowanne shi kaɗai. A wannan babi kuwa za a dubi yadda waɗannan abubuwa suke haɗuwa a kan magidanci guda a ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama na jihar Kebbi. An zaɓi a bi ta kan noman rani ne domin shi ne sana'ar da ta fi cin kuɗi tun kafin a ga amfaninta, kuma a kansa aka fi ganin inda tsarin gwamnati da na bankuna suke tallafa wa manomi da inda suke barinsa da Allah. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, matsalar manomin wannan yanki ta fi rataya a kan lokacin da kuɗi suke shigowa hannunsa da kuma wanda zai ɗauki asara idan ta auku, fiye da yawan kuɗin da ake warewa da sunansa.

4.1 Yanayin Yankin da Buƙatar Jari

An ƙirƙiro jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Ƙananan hukumomin nan uku suna cikin masarautar Gwandu, kuma hanya guda ce ta ɗinke su, wato babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta biyo Tambuwal da Aliero, ta shiga Jega, ta wuce Maiyama da Koko zuwa Yawuri. Jega tsohuwar cibiyar kasuwanci ce. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, kuma ba a daɗe ba ta zama zangon fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Har yanzu kasuwarta ce take tattara amfanin gonar garuruwan da suke kewaye da ita. Aliero ta yi suna da noman albasa da kuma sana'ar ɗori, sannan a 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar a can. Maiyama kuwa ƙasar noma ce da kiwo, inda ake samun gero da dawa da damina, a kuma yi shinkafa da kayan lambu a fadamu.

A da, da jigo ake ban ruwa a fadamun yankin, aikin da yake cin ƙarfin mutum amma ba ya cin aljihunsa. Daga 1993, lokacin da shirin raya fadama na ƙasa ya soma aiki da rancen Bankin Duniya, wanda Kebbi tana cikin jihohin farko da suka shiga, sai ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa mai shan fetur suka yaɗu. Wannan sauyi ya faɗaɗa gonaki ƙwarai, amma ya mayar da noman rani sana'ar da ba ta yiwuwa sai da tsabar kuɗi a kowane mako.

Idan aka ɗauki albasa misali, manomi yakan zuba iri a ƙarshen damina, ya yi dashe wajen Nuwamba ko Disamba, ya cire daga Fabrairu zuwa Afrilu. A tsawon waɗannan watanni yana sayen iri da taki da maganin feshi da fetur, yana biyan 'yan ƙwadago, ba tare da ko sisi ya shigo daga gonar ba. Lokacin da ya cire albasa kuma shi ne lokacin da kowa ya cire tasa, saboda haka farashi yakan faɗi warwas. Wanda yake da hali yakan adana a rudu, wato rumbun albasa na kara da ciyawa, ya jira watannin da za ta yi tsada, ko da yake wani kaso yana ruɓewa kafin lokacin. Wanda bashi ya yi masa katutu kuwa ba ya iya jira. Dole ya kai wa dillali a ranar da ta fi kowace araha, ya biya la'ada, ya biya mai bin sa, abin da ya saura ya shiga da shi gida. Wato ke nan ribar albasa takan koma hannun wanda ya iya jira, ba lallai sai wanda ya noma ta ba.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 sun nuna kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, a jihar Kebbi kuwa adadin ya haura kashi 80 cikin 100. A irin wannan hali, jarin gona da kuɗin cefane da na magani duk aljihu ɗaya suke fitowa, kuma abin da ya taɓi ɗaya ya taɓi sauran.

4.2 Bankin Musulunci

Dalilin kafa bankin Musulunci shi ne haramcin riba, wanda ya zo a aya ta 275 ta Suratul Baƙara tare da halatta ciniki. An fara gwada shi a zamanance a garin Mit Gamr na ƙasar Masar a 1963, kuma abin lura shi ne a tsakanin manoman karkara aka yi gwajin. A 1975 aka buɗe Bankin Raya Ƙasashen Musulmi a Jidda da kuma bankin Musulunci na Dubai. A Nijeriya, dokar bankuna ta 1991 ta amince da banki mai raba riba da asara, amma sai a 2011, zamanin da Sanusi Lamido Sanusi yake gwamnan Babban Bankin Nijeriya, aka fito da cikakkun ƙa'idojin banki maras kuɗin ruwa. Bankin Jaiz ya soma aiki a Janairun 2012 da rassa uku a Abuja da Kaduna da Kano, ya sami lasisin aiki a duk faɗin ƙasa a 2016. Bayansa aka sami TAJBank a 2019 da Lotus a 2021. Ita ma gwamnatin tarayya ta fitar da takardun sukuk na naira biliyan 100 a 2017 domin gina hanyoyi.

Duk da wannan ci gaba, binciken cibiyar EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na baligan Nijeriya ba su da wata hulɗa da harkar kuɗi ta zamani ko ta gargajiya, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 47 cikin 100. Sau da yawa akan jingina wannan ga ƙyamar kuɗin ruwa. Babu shakka ƙyamar tana nan, domin mutanen wannan yanki mutane ne masu tambayar malamai kafin su shiga wata mu'amala. Sai dai in da ita kaɗai ce matsalar, da zuwan bankunan Musulunci ya warware ta. Abin da ya faru shi ne, rassan waɗannan bankuna sun fi taruwa a manyan birane, kuma cinikin da suka fi yi shi ne murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar wa mai buƙata da ribar da aka ambata, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Wannan ya dace da ma'aikacin gwamnati mai albashi a ƙarshen wata, ko ɗan kasuwa mai shago da takardar fili da zai bayar jingina. Manomin albasa ba shi da albashi, gonarsa ta gado ce ko ta aro maras takarda, kuɗinsa kuma sau ɗaya ko biyu suke shigowa a shekara. Hulɗarsa da banki takan tsaya ne a wurin mai POS na bakin kasuwa, inda zai karɓi kuɗin da aka turo masa daga Kudu.

Akwai kuma ƙiradi, wanda bankuna suke kira mudaraba, inda wani zai ba da jari wani ya yi aiki, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, idan an yi asara mai jari ya rasa jarinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. Hausawa sun san wannan tun da daɗewa tsakanin maigida da yaronsa a fatauci. Amma yana tafiya ne a kan amana da sanin juna, abin da banki mai hedikwata a Abuja ba shi da shi game da manomin ƙauyen Maiyama. Shi ya sa bankunan suke ja da baya daga gare shi.

4.2.1 Cinikin Salam da Al'adar Falle

Cinikin da ya fi dacewa da buƙatar da aka bayyana a 4.1 shi ne salam. Ma'anarsa ita ce mai saye ya biya kuɗin kaya gaba ɗaya yanzu, a kawo masa kayan a wani lokaci mai zuwa. An halatta shi ne tun a Madina saboda masu gonakin dabino, bisa sharuɗɗan da littattafan fiƙihu suka yi bayani: a san nau'in kayan da siffarsa, a san awonsa ko nauyinsa, a san ajalin da za a kawo shi, kada a ɗaure cinikin ga wata gona takamaimiya, kuma a miƙa kuɗin a lokacin ƙulla ciniki. Malikiyya, wadda ita ce mazhabar yankin, ta yi sassaucin jinkirta biyan kuɗin har kwana uku.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Akwai al'adar da ake kira falle, inda mai hali yake ba manomi kuɗi a lokacin da hatsi ya ƙare a gida, a kan zai biya da dami ko buhu idan kaka ta yi. Idan kuɗi aka bayar za a karɓi hatsi sananne a lokaci sananne, to siffar salam ce. Idan kuwa hatsi aka bayar za a karɓi irinsa da ƙari, kamar buhu ɗaya a mayar da ɗaya da rabi, to wannan riba ce tsantsa komai sunan da aka ba ta. Aibin falle ko a siffarsa ta halal shi ne farashin da ake yankewa. Mai kuɗi ya san wanda ya zo wurinsa a matse yake, saboda haka yakan sa farashin da bai kai ko na kaka ba. A nan ya kamata a faɗi gaskiya: kasancewar ciniki ya cika sharuɗɗan fiƙihu ba ya nufin babu cuta a cikinsa.

Ƙasar Sudan ta fuskanci wannan matsala. Can ma akwai irin wannan al'ada da suke kira shail, kuma a farkon shekarun 1990 bankunan ƙasar suka shiga ba manoma jari ta hanyar salam. Da hauhawar farashi ta sa abin da aka biya manomi ya zama bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da farashin ranar miƙa kaya, sai aka shigo da sharaɗin kawar da cuta, wanda yake ba da damar gyara farashi idan tazarar ta yi yawa. Duk wanda zai kawo salam Jega ko Aliero yana buƙatar wannan darasi, musamman ganin yadda darajar naira ta faɗi tun daga Yunin 2023.

Ga shinkafa, hanyar a buɗe take. Banki ba ya cin shinkafa, amma yana iya ƙulla wani salam na biyu da kamfanin casa, ya sayar masa da irin kayan da yake jira daga manoma. Jihar tana da manyan masana'antun casa, kamar Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Ga albasa kuwa akwai wahala biyu. Ta farko, tana ruɓewa, saboda haka wanda ya karɓe ta sai ya tanadi wurin adana ta. Ta biyu ita ce awo. Buhun albasa a kasuwa ba shi da tsayayyen nauyi, ana cika shi a yi masa tozo gwargwadon ƙarfin mai saye da raunin mai sayarwa. Ciniki a kan "buhu" irin wannan bai cika sharaɗin sanin awo ba. Kafin a yi maganar banki, sai hukumomin kasuwa da ƙungiyoyin manoma sun yarda da sikeli, abin da wasu dillalai ba za su yi maraba da shi ba, domin a cikin tozon nan wani ɓangare na ribarsu yake.

4.3 Haraji

Mutanen yankin sun daɗe da sanin haraji. A zamanin Daular Usmaniyya ana karɓar zakka da kuɗin ƙasa da jangali. Da Turawa suka zo, dokar Lugga ta 1906 ta tattara yawancin waɗannan ta mayar da su haraji na kuɗi, wanda sarakuna da hakimai da dagatai suke tarawa, daga 1911 kuma aka soma kafa baitulmalin En'e. Tsananin da aka yi wajen karɓarsa ya sa haraji da jangali suka zama abin yaƙin siyasar NEPU da PRP, har gwamna Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna suka soke su a jihohinsu a 1979. Wannan tarihi yana da muhimmanci, domin har yanzu kalmar haraji tana tuna wa dattawa gudun shiga daji da sayar da akuya, kuma jami'in tara kuɗin shiga da bai san haka ba yana wahalar da kansa.

Dokar da ta raba ikon karɓar haraji tsakanin matakan gwamnati uku ita ce doka mai lamba 21 ta 1998. Ta ba ƙananan hukumomi kuɗin shaguna da na rumfunan kasuwa da na tashar mota da na mahauta da harajin shanu, da sauransu. Haka kuma ta hana kafa shinge a kan hanya domin karɓar haraji. Duk da haka, kukan da masu safarar albasa da shanu suka daɗe suna yi shi ne yawan wuraren da ake tsayar da mota tsakanin Arewa da kasuwannin Legas da Anaca da Fatakwal, ana karɓar kuɗi da rasit ko ba rasit. Yana cikin ƙorafe-ƙorafen da aka ji a 2021, lokacin da masu kayan abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu na ɗan lokaci. Mai mota ne yake miƙa kuɗin, amma ɗan kasuwa yana lissafa su kafin ya taya albasa a Aliero, saboda haka daga ƙarshe daga farashin manomi ake cire su.

Sabuwar dokar haraji da shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda aka tsara ta soma aiki a Janairun 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum yake samu a shekara. Wannan sauƙi ne ga ƙananan ma'aikata. Ga manomi kuwa bai canza komai sosai ba, tunda dama harajin albashi bai taɓa isa gare shi ba. Nasa harajin yana ƙofar kasuwa da kan hanya, sai kuma harajin VAT a kan wasu kayan masarufi, wanda aka fara karɓa a 1994 a kan kashi 5 cikin 100, aka ɗaga zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, ko da yake an keɓe ainihin kayan abinci daga cikinsa.

Haraji ya shafi bankin Musulunci ta wata fuska da ba kasafai ake lura da ita ba. A murabaha kaya yana canza hannu sau biyu, daga mai sayarwa zuwa banki, daga banki zuwa mai buƙata. Idan hukuma ta ɗauki kowanne a matsayin ciniki mai zaman kansa, za a biya haraji da kuɗin hatimi sau biyu, alhali wanda ya ci bashi mai ruwa sau ɗaya zai biya. Ke nan sai a hukunta mutum saboda ya guje wa riba. Ingila ta gyara wannan a dokarta ta 2003 game da sayen gidaje. A Nijeriya, hukumar tara haraji ta tarayya ta fito da ƙa'idojin harajin mu'amala maras kuɗin ruwa a 2022, waɗanda manufarsu ita ce daidaita nauyin haraji tsakanin tsarin biyu.

Ba za a rufe maganar haraji a yankin Musulmi ba tare da taɓo zakka ba, ko da yake ita ibada ce. Nisabin hatsi wusƙi biyar ne, wato sa'i 300, kimanin kilo 650. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, abin da aka shayar da wahala ko inji kuwa rabin haka, wato kashi 5 cikin 100. Shari'a ta rage wa mai ban ruwa nauyi ne saboda ta san yana kashe abin da mai noman damina ba ya kashewa, hikimar da babu irinta a kuɗin da ake karɓa a ƙofar kasuwa, inda buhu buhu ne kawai. Wani abin lura kuma shi ne, a Malikiyya babu zakkar amfanin gona a kan kayan lambu, saboda haka shinkafar Jega da geron Maiyama suna da zakka ranar girbi, albasar Aliero kuwa ba ta da ita, sai dai kuɗinta idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kansu. Hanafiyya ta saɓa, ta wajabta a kan duk abin da ƙasa ta fitar. Sakamakon haka, amfanin gonar da ya fi kawo kuɗi a Aliero shi ne wanda miskinan garin suka fi ƙarancin samun rabo daga gare shi kai tsaye, in ban da sadaka da kyautar da manoma suke yi don kansu.

4.4 Tallafi

Tallafin gwamnati ya iso gidajen yankin ta ƙofofi daban-daban. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, an kawo tsarin da manomi mai rajista yake samun saƙo a wayarsa ya je ya karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi. A 2016 aka soma ba matalauta naira 5,000 a wata. Amma wanda ya fi shafar Kebbi shi ne shirin Anchor Borrowers, wanda shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi ranar 17 ga Nuwamba, 2015, lokacin gwamna Abubakar Atiku Bagudu. Tsarinsa shi ne a ba manomi iri da taki da inji da ɗan kuɗi a matsayin bashi, ya biya da shinkafa ta hannun kamfanin casa. Noman shinkafa ya bunƙasa a jihar a waɗannan shekaru, har aka fito da shinkafar LAKE ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi a 2016.

Idan aka duba da kyau, siffar shirin ta yi kusa da salam, tunda jari ake bayarwa a karɓi amfanin gona. Amma an gina shi ne a kan bashi mai kuɗin ruwa har kashi 9 cikin 100, a yankin da mutane suke ƙyamar riba komai ƙanƙantarta. Sai a Yulin 2020 Babban Banki ya fito da ƙa'idojin gudanar da shi ba tare da kuɗin ruwa ba, kusan shekara biyar bayan farawa. A wannan shekarar ce kuma ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar, manoma suka wayi gari babu shinkafa, ga bashi a wuya. Zuwa 2023 an raba sama da naira tiriliyan 1 a faɗin ƙasa. Asusun Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kawai aka biya, Babban Banki ya musa, ya ce an biya kimanin kashi 52. Ko wanne aka ɗauka, kuɗi masu yawa ba su dawo ba. Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan ambaliya, domin akwai waɗanda suka ɗauki bashin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, akwai kuma waɗanda ba manoma ba ne suka shiga jeri. Daga ƙarshen 2023 sabon shugabancin Babban Banki ya janye daga irin waɗannan shirye-shirye.

Tallafin da ya fi kowanne taɓa noman rani shi ne wanda ba a rubuta sunan manomi a kansa ba, wato tallafin man fetur. Masana tattalin arziki sun daɗe suna cewa masu motoci a birane da masu fasa-ƙwauri ne suka fi cin moriyarsa, kuma a dunƙule maganar tasu gaskiya ce. Sai dai a fadamun Jega da Aliero fetur kayan noma ne kamar taki. Da aka cire tallafin ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1,000 a Oktoban 2024. Manomi ya ji duka biyu: kuɗin ban ruwa ya ninka, kuɗin ɗaukar kaya zuwa Kudu ya ninka. Abin da gwamnatin tarayya ta sanar domin rage raɗaɗi shi ne naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. Jimillar naira 75,000 ke nan, wadda a farashin naira 1,000 lita 75 kacal take saye, kuma samunta yana buƙatar lambar shaidar ɗan ƙasa da asusun ajiya, abubuwan da suka fi ƙaranci a hannun waɗanda aka yi tallafin dominsu.

Tsadar fetur ta sa wasu manoma sun juya injinansu zuwa gas, wasu kuma sun koma ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, wanda gwamnatin jihar a ƙarƙashin Nasir Idris ta raba wa wasu manoma. Wannan inji yana da tsada a ranar saye, amma bayan nan ba ya shan mai, wato yana cire kashe kuɗin mako-mako da aka ambata a 4.1. Rabo kyauta ba zai taɓa isar kowa ba, kuma yakan bi hannun siyasa. Shi kuwa injin kaya ne da ake gani, ake iya sa masa lamba, saboda haka ya dace da murabaha ko ijara, cinikin da bankunan Musulunci suka riga suka ƙware a kai. Idan gwamnati ta biya wani kaso na farashin, banki ya sayi injin ya sayar wa manomi ta hannun ƙungiyarsa, abin da ya rage shi ne tsara lokacin biya. Biyan wata-wata irin na mai albashi ba zai yiwu ba, haka ma sa ajali a watan Maris ko Afrilu zai tilasta wa manomin albasa ya sayar a lokacin araha. Ajalin da ya dace shi ne bayan albasa ta yi wasu watanni a rudu, farashi ya ɗaga, ga manomin shinkafa kuma ranar da kamfanin casa ya auna kayansa ya biya.